Bashin Fulogi

Ni ba likita ba ne.
Baƙin mai ya ci hannuna har ƙarƙashin farce.
Rumfata na bakin tashar Auyo, kusa da masu kifi,
sifana uku, famfo ɗaya, da gwangwanin notuna.

Daren da aka yi ruwan nan na marka,
wanda ya cinye kwalbatin hanyar fadama,
Hakilu ya buga mini ƙofa bayan lisha,
rigar leda a jiki, tocila a baki,
yana jan babur ɗin asibiti
kamar akuyar da ta gane hanyar kasuwa.
"Mati, tashi. Kububuwa ta sari yaro a ƙetare.
Mota ta ce ba ta iya laka,
wannan kuma ya haɗiyi ruwa ya yi gum."

A bayan sirdi akwai akwatin sanyi, shuɗi,
an ɗaure shi tamau da robar tsohon tiyub.
Ban san sunan abin da ke ciki ba.
Na dai ji ƙanƙara na motsi,
na ji Hakilu na tauna mintoci da haƙora.

Na kwance fulogi, ya jiƙe jagab.
Na hura, na goge da gefen riga, na gasa da ashana.
Ya ƙi.
Na shiga ciki na zaro na babur ɗin Alhaji Barau
da ya bar mini ajiya sai Asabar.
Allah na tuba, amana na taɓa.
Shuri ɗaya, shuri biyu,
a na uku inji ya yi tari, ya amsa sallama.

"Hau," in ji shi. "In ya mutu a daji wa zan kira?"

Muka bi gefen shinkafa, kwaɗi na ta shela,
tayar baya na wutsil-wutsil kamar tarwaɗa.
Sau biyu muka faɗi.
Sau biyu ya cafe akwatin nan ya ɗaga sama,
ya bar gwiwarsa ta gaisa da ƙasa.
A mashigi Ilu mai fito ya ƙare mana kallo,
ya ce jirginsa bai saba ɗaukar ƙarfe da dare ba,
sannan ya ɗauki gora.
Na rungume babur a tsakiyar ruwa
ina lallashinsa kamar maraƙi.

Mun tarar da yaro a tabarma,
ƙafa ta zama turmi, dasashi na tsattsafo da jini.
Uwarsa Kyauta ta daina kuka, ta koma kallo.
Aci-bal-bal ta mutu, waya ba caji.
Na juyo da kan babur cikin zaure,
na murɗa masa wuta.
A hasken nan Hakilu ya kwance tsumman da aka ɗaura,
ya lalubo jijiya,
ya rataye ledar ruwa a ƙusar da ake rataye lauje.
Ɗis. Ɗis. Ɗis.
Ni dai addu'ata kada mai ya ƙare.

Da assalatu yaro ya ce yana son koko.

Ran kasuwa ubansa ya kai wa Hakilu zabi biyu.
Ya cancanta, ban yi gunaguni ba.
Asabar Alhaji Barau ya shuri babur har ya yi gumi,
ya wanke ni tas a gaban masu kifi.
Na sayo masa sabo da kuɗin cefanena,
na rubuta da gawayi a bangon rumfa:
Asibiti, fulogi ɗaya.
Damina biyu ke nan, takarda na can sakatariya.

Jiya yaron ya zo, yana ɗan ɗingishi,
ya ce in ba tayar kekensa iska.
Bai san ni ba.
Na buga famfo ina satar kallon tabon ƙafarsa.
Ya miƙo hamsin, na karɓa,
sana'a ai sana'a ce.

Rubutun bango kuwa feshin ruwa na ta lasarsa.
Ga gawayi nan wajen mai shayi,
ban je na karɓo ba.