Hayar Kalmomi

Ƙarfe biyun dare a Ayvalik.
Jiragen masunta sun kwanta a bakin teku,
sabulu yana shan iska a kan katako, layi-layi,
ni kuwa ina gaban kwamfuta
ina tayin kalmomi.

Mahaifina bai taɓa sayen kalma ba.
Da hantsi yakan buɗe ƙofar shago,
ƙamshin zaitun ya fita ya yi masa shela.
Nawa shagon ba ƙofa, ba titi,
sai wanda ya rubuta abin da yake nema
kuma na riga na biya hayar abin da ya rubuta.

Na fara da uwar kalmomin: sabulu.
Ashe tana da masu ita.
Manyan kamfanonin Istanbul sun zaune ta
zaman giwa a kan tabarma.
Kowane latsi lira goma sha huɗu,
latsi kawai fa, ba ciniki ba:
mutum ya leƙo, ya taɓe baki, ya wuce,
ni in biya kuɗin leƙensa.
Kwana tara,
kuɗin garwa biyu ta mai suka narke
kamar sabulun da aka manta a ruwa.

Nermin ta ajiye mini shayi, ta ce,
"Kai da ka ce ba ka caca."
Na kurɓa da zafinsa don kada in amsa.

Daren nan na buɗe jerin abin da suka rubuta
kafin su faɗo kaina.
Wani sabulun wanke mota yake nema.
Wata so take ta koyi dafawa a tukunyarta.
Mutum arba'in da ɗaya sun ce "kyauta".
Duk ni na biya musu kuɗin zuwa.
Na jera su a takardar waɗanda ban gayyata ba:
mota, kyauta, yadda ake yi.
Sai na ji ɗakin ya ragu da hayaniya.

Can ƙasa, inda ido ya fara yaji,
layi na ɗari da wani abu:
"sabulu marar turare ga jariri mai ƙaiƙayin wuya".
Ban san ƙarfe nawa aka rubuta ba,
amma hannun wadda ba ta runtsa ba ne.
Kalma takwas, lira biyu da rabi,
giwayen ko waiwaye ba su yi ba.
Ƙarƙashinsa wani:
"koren sabulun da kakata take yankawa da zare".
Na daɗe a kan wannan.
Zaren mahaifina yana nan rataye a ƙusa,
ya yi baƙi da hannunsa.

Na saye su duka biyun.
Na rubuta talla gajeriya, ba rantsuwa:
man zaitun, ruwa, toka, wata shida na bushewa.
Na yanka wa injin abincinsa, lira tamanin a yini,
in ya cinye ya kwana haka.

Litinin shiru.
Talata latsi uku, shiru.
Laraba ina kankare tukunya
waya ta yi ƙara a aljihun riga:
wata Sevgul, daga Erzurum,
garin da ban taɓa takawa ba,
guda shida, an biya.
A gurbin saƙo ta ce,
"Don Allah a tabbata babu turare."

Na naɗe su a takarda ruwan ƙasa,
na shinshina ɗaya bayan ɗaya kamar mai laifi.
A gidan waya Feridun ya auna, ya buga hatimi,
ya ce can yanzu ƙanƙara ta kai gwiwa.

Nermin ta tambayi riba.
Na cire latsi, na cire aikawa, na cire takarda.
Abin da ya saura ya sayi kifi huɗu da burodi.
Ta soya, muka ci da lemon tsami,
ba ta ƙara maganar caca ba,
ba ta kuma janye ta ba.

Yanzu ƙarfe biyu ta sake yi.
Lira goma sha ɗaya ta rage a kason yau.
Wani a wani gari ya kai rabin jimla,
yatsansa a sama,
ni ina nan ina jiran kalmarsa ta gaba.