Kujera ta Bakwai

Wasiƙa ce ta ɗauko ni daga bakin tanda,
da sauran fulawa a ƙarƙashin farcena,
ta dire ni a Dublin, gefen kogin Liffey,
a kujera ta bakwai cikin sha biyu
masu taya alƙali yanke hukunci.

Fintan Lavelle ne ya kawo ƙara,
mai shagon kifi a bakin tashar Howth.
Jarida ta ce yana kankare kwanan wata a kwali,
yana sayar da na shekaranjiya da sunan na yau.
Layi huɗu kacal, a shafi na tara.
Shekara talatin ta shagonsa ta faɗa ciki, ba ta fito ba.

Kwana shida lauyoyi na jan kalma ɗaya
kamar karnuka biyu da ƙashi.
Ni kuwa hannunsa nake kallo,
duk tsagar wuƙa da cizon sanyi,
yana murza hularsa har zare ya fita.
Na san abin da ake nufi da a daina shigowa.
Ba a zaginka. Ƙararrawar ƙofa ce kawai take yin shiru.

Da aka rufe mu a ɗaki, ga shayi ya huce,
ba mu yi gardama kan ƙazafin ba:
ƙarya ce, kowa ya gani.
Kuɗin ne ya raba mu.
Nawa ne farashin suna?
Dervla, malamar jinya, ta ce dubu ashirin.
Wani direban bas ya ce miliyan, don su ji a jikinsu.
Muka rubuta a guntayen takarda,
muka tara, muka raba gida sha biyu
kamar masu rabon kuɗin abincin dare.
Ba wanda ya tambaye mu dalili.
Da an tambaya, da na sunkuyar da kai.

Yanzu rediyo na cewa za a gyara doka,
a sallami irinmu, a bar alƙali shi kaɗai.
Wai shi yana rubuta hujja, ana iya bin sawunsa;
wai mu muna sa shari'a tsada da tsawo,
har ƙananan jaridu na haɗiye gaskiya
don tsoron abin da sha biyu za su yanka.
Ban ce ƙarya suke ba.
Ƙanwata ma ɗan jarida take aure,
na ga yadda takardar lauya ke hana shi barci.

Sai dai mutunci madara ne,
a titi yake zubewa, ba a cikin kundi ba.
Mai shari'a Tierney mutumin kirki ne, na shaida,
ya yi haƙuri da mu kamar uba.
Ko ya taɓa tsayawa bayan kanta
daga asuba har azahar
yana jiran wanda ba zai zo ba?

Ban san amsar da zan ba majalisa ba.
Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Howth,
na sayi kifi biyu a hannun Fintan.
Bai gane ni ba.
Ya naɗe su a tsohuwar jarida, ya miƙo,
ya ce, na safiyar nan ne,
sannan ya dube ni
ya ga ko na yarda.