Ɗinkin Ƙarƙashin Kujera

Jannis ya biya kuɗin shiga, ni na riƙe sandata.
Gidan tarihin Marsandi ke nan, a Stuttgart, kusa da kogin Neckar,
motoci a jere, an goge su har kana ganin haƙoranka,
kowace da tauraro mai tsini uku a goshi.
Ya nuna wata mai ƙafa uku, ya ce, "Kaka, ga farkon."
Na ce, "Yaro, farkonsu daban, namu daban."

Namu Wendelin ne, kakana, baduku,
mai sirdi da linzami, yana warin fata har cikin coci.
Ran da keken da ba doki ya bi ta ƙofar shagonsa,
yana tari, yana aman hayaƙi, kaji na neman tsira,
ya tofar da yawu, ya ce abin ba zai ga ƙanƙarar bana ba.
Ɗan hakin da ka raina.
Shekara goma sai ga shi a layin ma'aikata da asuba,
basilla a aljihu, kai a sunkuye,
zai ɗinka wa abin da ya zaga wurin zama.

Mun iso inda hotunan ba su da fara'a.
Jannis ya ɗaga ƙafa, na ja shi ta gefen riga.
Shekarun yaƙi ba motar biki aka ƙera ba,
injin jirgin sama ne, da manyan motocin soja,
hannuwan da suka ɗaura su kuwa, da yawa kamo su aka yi.
Uwata ta san ɗaya, Halyna, daga gabas,
yatsunta kamar tsinken tsintsiya.
Sau biyu ta ajiye mata dankali a bayan injin.
Sau biyu.
Har ta koma ga Mahalicci tana ƙirga sauran ranakun.

Sai wuta ta zubo daga sama, rufi ya zama toka.
Aka tsince tubali ɗaya-ɗaya, aka kankare, aka sake ɗorawa.

Ni na shiga ina 'yar sha bakwai.
Keken ɗinkina na dama, na Nurettin na hagu,
ya zo daga Turkiyya da akwati ɗaya, wai shekara biyu zai yi.
A nan ya yi furfura.
Ya koya mini cin zaitun, na koya masa zagin shugaban sashe
da harshen garinmu, yadda zai ratsa ƙashi.
Shekara talatin da takwas muna shimfiɗa fata mai laushi
don bayan ministoci da masu banki,
yamma ta yi mu shiga jirgin ƙasa, a cunkushe,
mai ɗinkin kujera ta koma gida a tsaye.

Ga wata baƙa, doguwa, ta zamanin ƙuruciyata.
Gwiwata ta yi ƙara, duk da haka na durƙusa.
Ba wanda na taɓa gaya wa:
can ƙarƙashin kowace kujera, inda ido ba ya zuwa,
nakan karkata zare sau uku, in mayar da shi hanya.
Sunana ke nan, tunda ba a rubuta Irmtraud a jikin ƙarfe.
Na miƙa hannu.
Mai gadi ya ce, "Baba, ba a taɓawa."
Na ce, "Ɗana, ka makara, na riga ka taɓa ta."

Ko tawa ce, ko ta Nurettin, ban samu na duba ba.

A hanyar gida Jannis ke tuƙi, motar lantarki,
batirinta sashensu ne ya haɗa.
Ba tari, ba hayaƙi, ko kaza ba za ta farka ba.
Na so in ce ba za ta ga ƙanƙarar bana ba,
sai na tuna Wendelin, na haɗiye.
Na zura yatsa ƙarƙashin kujera, ina lalube.