Shafi na Huɗu, Layi na Tara

Kasuwar Jega ta watse, janaretan maƙwabci ya yi shiru.
Ni kaɗai na rage a shago,
da fitilar caji, da jan biro,
da takardun nan goma sha ɗaya
da na rubuta wa yarana shekara uku baya:
Yadda Waya Take Farkawa.

Da alfahari na rubuta su.
Na ce, in ka danna maɓalli ba allo ke fara tashi ba.
Can ciki akwai ɗan rubutu da aka dasa tun a masana'anta,
ba ya gogewa, ba ya mantuwa,
shi ke fara buɗe ido cikin duhu,
ya laluba ya taɓa mai tsaron ƙofa.
Mai tsaron ƙofa ya duba hatimi,
in ya gamsu ya kira ƙwayar manhaja,
ƙwaya ta haifi ɗan farinta,
ɗan fari ya bi ɗaki-ɗaki yana tada gida:
mai sauti, mai neman layi, mai riƙe agogo.
Sai can allo ya yi haske,
mai waya ya ce ta kunnu,
bai san an yi asuba uku kafin tasa ba.

Na sake karantawa. Duk wannan daidai ne.

Ɓarnar tana shafi na huɗu, layi na tara:
"In ka cire kwaɗon mai tsaron ƙofa, ba abin da zai goge."
Hannuna ne. Ga wutsiyar da nake yi wa harafin ƙarshe.
Na gwada kafin na rubuta, wallahi na gwada,
amma a wayar da ba komai cikinta.
Rumbun da ba hatsi, ina zai san an yi sata?

Ɗazu da hantsi Malam Arzika ya zo daga Aliero,
rigarsa na warin albasa,
wayarsa na tashi tana faɗuwa, tana tashi tana faɗuwa,
ba ta wuce tambarin farko.
Ina wajen sayen batir.
Zayyanu ya buɗe shafi na huɗu,
ya bi layi da yatsa kamar yadda na koya masa.

Buhu ɗari da sittin da aka ɗauka bashi,
sunan kowa, ranar kowa,
muryoyin direbobi suna cewa "sai na dawo daga kudu",
duk a numfashi ɗaya.

Arzika bai ɗaga murya ba.
Ya zauna kan benci yana lanƙwasa yatsu,
yana kiran sunaye.
Ya kai na bakwai ya tsaya.
Ya daɗe yana kallon yatsa na takwas.

Zayyanu bai taɓa tuwonsa ba.
Ya ce, "Maigida, takarda na bi."
Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

A garin su Arzika, in ƙashi ya haɗe a karkace
mai ɗori sake karya shi yake yi.
To, na ja layi ɗaya a kan maganata,
siriri, don a ga abin da ke ƙasa.
Na rubuta a sama:
"Zai goge KOMAI. Tambayi mai waya sau biyu.
Kwashe abin da ke kwasuwa tukun."
Na sa kwanan wata. Na sa sunana,
kada gobe a ce yaron ne.

Sai dai takarda tana da 'ya'ya.
Bakwai na buga a shagon fotokofi.
Ɗaya na Bunza, biyu na Maiyama, ɗaya na Koko,
ɗaya ta bi Sirajo zuwa Kamba,
lambarsa kuma ta daina shiga tun bara.
Sauran biyun ban san hannun da suke ba.
Gobe zan zuba wa babur mai.

Kafin in rufe, na danna wayar Arzika.
Ɗan rubutu ya tashi, mai ƙofa ya tashi,
ɗan fari ya zaga gida.
Allo ya yi fari tas,
ta ce min barka da zuwa, in zaɓi harshe,
kamar ba ta taɓa sanin kowa ba.