Ƙishin Inji

Ranar Laraba maganar ta iso Kwalkwalawa,
ba a mota ta zo ba, a baki ta zo.
Jabbi ya ji daga ƙanen wani direban tanka,
wai an tsai da lodi can kudu,
wai mako biyu, wai wata, wai sai damina.
Ban taɓa ganin mai gudu ba kamar wai.

Albasa nake nomawa a bakin Rima,
eka guda da 'yar kusurwa.
Inji ke shayar da ita, ni ke shayar da inji,
lita huɗu duk kwana biyu.
In ta yi mako ba ruwa a wannan gaɓa
lawashi zan kwasa, ba kai.

Na fita da jarka kafin assalatu,
na tarar layi ya riga ni asubanci.
Daga Gidan Man Ada ya miƙe,
ya karya kwana, ya tsallake kwalbati.
'Yan kabu-kabu na barci bisa babura,
hannu guda riƙe da makulli,
mai shayi ya kafa tebur, mai ƙosai ta hura wuta,
kasuwa ta ci, ba a ko ga mai.

Yaron famfo ya ce ba a zuba wa jarka.
Na ce, "To gonar zan turo maka?"
Ya ce, "Baba, doka ce daga sama."
Bayan katanga kuwa jarkoki na shiga da rawa,
suna fita da nishi.
Ashe dokar ta ƙofar gaba ce kaɗai.

Na koma na ari babur ɗin Arzika.
Da hantsi allo ya faɗi kuɗinsa,
da azahar ya canza magana,
da la'asar yaro ya hau tsani
ya sake juya lambobin sarai.

Kusa da ni wani dattijo a mota,
allurar mansa ta haura rabi.
Na ce, "Malam Labbo, mi kaka nema nan?"
Ya ce, "Gobe nika tsoro."
Na girgiza kai, na ce mutane ba tawakkali.
Na faɗa da ƙarfi ƙwarai.

Sai ga layi ya kawo kaina.
Lita huɗu na zo saye.
Bakina ya ce, "Cika shi."
Na zaga lungu, na sa mesa na zuƙe,
na tofar da ɗaci, na ba yaro ɗari biyu,
ya kau da ido na sake shiga.
Kuɗin taki suka bi, na ɗinkin Ige suka bi.
Ina rufe tanki ya rataye bakin famfo,
ya ce, "Ya ƙare."

Na baya gare ni mai Keke ne,
tun jiya yake nan, ƙura har gira.
Bai zage ni ba.
Ya dubi babur, ya dube ni,
ya sauka ya kama tura abin neman nai.

Daren nan jarka ta kwana ƙarƙashin gado.
Ige ta ce ba mai ƙyasta ashana a gidan nan,
muka sha fura a duhu.
Wari ya cika ɗaki, barci ya tsaya waje,
ina jin tari kaɗan sai in zabura,
na zama maigadin abin da ka iya cin rai.

Da safe inji ya yi tari, ya kama.
Ruwa ya bi fangali, ƙasa ta yi baƙi,
albasa ta sha, ba ta tambayi komai ba.

Ranar Juma'a tankoki uku suka wuce ta gada,
Jabbi ya ce shi dama bai yarda ba.
Layi ya watse.
Na leƙa allo ko ya sauko,
yana nan inda tsoronmu ya ɗora shi,
tsanin ma an ɗauke, an kai ciki, an rufe dai.