Wanda Zai Faɗi Tare da Ni

Kwana tara ke nan da na karɓi makulli.
Babur ja, na bashi, ko ledar kujera ban cire ba,
ni kuwa har yau in na saki kuloci
sai ya yi tsalle kamar ɗan akuyar da aka kwance.
Yaran layinmu a Tudun Wada
sun haddace yadda injina yake mutuwa.

Sallau ne ya naɗe ƙafar wando a Panteka,
ya nuna min gwiwa kafin ya buɗe baki.
Fatar wurin tana sheƙi
kamar gindin tukunyar da aka kankare.
Ya ce, "Gangaren gadar Kawo, bayan ruwan Agusta.
Hular kwano ta tsare min kai.
Wandon shadda kuwa, ban ƙarasa salati ba
kwalta ta lashe shi, ta zarce kan nama."

Washegari na faɗa Kasuwar Barci,
dubu goma sha takwas a aljihun gaba, hannuna a kai.
Tanimu mai gwanjo ya farke dila,
warin kafur ya tashi.
Ya miƙo wani jins matsattse, na 'yan gayu,
an yayyaga gwiwarsa da gangan.
Na ce, wannan ai ya riga ya faɗi,
ni wanda zai faɗi tare da ni nake nema.

Ya tona can ƙasa, ya zaro wani,
mai nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo.
An yi masa shafi ruwan ɗorawa daga ƙugu har ƙauri,
ga aljihu a kowace gwiwa, an cusa roba mai lanƙwasa.
Na sa, na miƙe, robar ta sauka ƙasa da gwiwata.
Na ce bai yi ba.
Tanimu ya ce, "A tsaye kake tuƙi?
Hau bencin nan, buɗe ƙafa."
Na hau, na tanƙwashe, na kama kan babur na iska,
sai robar ta hauro, ta zauna daram a gurbinta.
Mata biyu masu tayin atamfa
suka rufe baki da gefen mayafi.

Ban biya ba. Na bar wayata jingina,
na ɗauki wandon zuwa Kakuri.

Baba ya yi shekara ashirin da biyu a masaƙa
kafin a datse ƙofarta da kwaɗo.
Idonsa ya yi rauni, yatsunsa ba su manta ba.
Ya juya wandon ciki waje,
ya bi ɗinkin da farce, ya ƙirga: ɗaya, biyu, uku.
Ya ja, ya murza, ya kai kunne
kamar zaren zai gaya masa garinsu.
Ya daɗe.
Sannan ya ce, "Wanda ya saƙa wannan
yana da ɗa."

Tun ranar da na shigo da babur ɗin
gaisuwa kawai yake amsa min.
Yau ya ɗaga gefen katifa,
ya zaro dubu biyu da suka sha ninki,
ya ce, "Cika masa. Kada ka yi tayi da yawa a kan fatarka."

Yanzu kullum ina cikinsa.
Da azahar, a cunkoson titin Ahmadu Bello,
zufa na gangara har cikin takalmi.
'Yan majalisarmu suna ce min sojan gwiwa,
sujada ma sai na ɗan gyara zama.

Ban faɗi ba tukuna.
Jiya dai wata tifa ta matse ni a Barnawa,
tayar baya ta yi rawa a kan yashi,
na ji gwiwata ta hagu ta nemi ƙasa,
ta fasa.
Na tsaya gindin wani mangwaro, hannuna na kakkarwa,
na shafa robar nan sau biyu,
na tayar da inji. Bai mutu ba.