Minti Goma Sha Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ban riƙe sandar ganga ba.
Faci nake yi a Jekadafari,
hannun da ya saba da fata ya koma kan roba,
kunnen hagu ya riga ni yin ritaya.
Sai ga Bappayo da la'asar sakaliya,
tumbi a gaba, jita a baya cikin buhun taki.
Ya ce, "Manga, rufe shago."
Ban tambaye shi dalili ba.

Mu ne Tsawar Bima, in ka kwana biyu a duniya za ka tuna.
Mu huɗu, wando fantalo, suma kamar an kifa ƙwarya,
muna kiɗan da ƙafa ba ta san inda za ta sauka ba:
bugu bakwai a inda kowa ke jiran takwas,
ogan na hawa yana lanƙwasa kamar hanyar Tula.
Masu rawa su miƙe, su dube mu, su koma su zauna.
Gidan rediyo suka ce waƙarmu ɗaya ta cinye musu labaran duniya.
Faifai guda muka yi, kwafi ɗari uku,
rabi na ƙarƙashin gadon Lamela, gara ta gama karanta bangon.

Abin da ya raba mu ba zai cika cokali ba:
kuɗin janareta,
da wata magana a tashar Dukku
da kowa ya rantse ba shi ya fara ba.
Lamela ya koma Billiri yana yi wa coci kiɗan Lahadi,
Bappayo ya shiga awon wake.
Yila kuwa, mai jitar nan mai kaurin murya,
hanyar Kumo ta karɓe shi wata damina.
Muka haɗu a bakin kabari, muka gaisa kamar surukai.

Yau ga mu a Tumfure, ɗakin da aka liƙa wa katifa a bango.
Yaron da ke kan na'ura bai kai shekarun gabarmu ba.
Ya ce, "Baba, a rage ta zuwa minti uku, mutane na sauri."
Lamela ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
"Ɗana, minti uku ai gaisuwa ce,
ko lafiyar iyali ba mu kai ga tambaya ba."

Matar Yila ta aiko da kaset a gwangwanin madara.
Shi kaɗai ne a ciki, yana gwaji a tsakar gida,
zakara na cara a bayansa, wani na jan guga.
Yaron ya danna.
Ƙasa ta motsa a ƙarƙashin kujerata.
Ga shi nan, ɗan shekara talatin, bai san ciwon gwiwa ba,
yana gaba, ba ya waiwaye,
mu uku muna binsa da haki
kamar tsofaffin da mota ta tashi ta bari.
Bappayo ya tsinka tsirkiya. Bai zagi kowa ba.
Wannan ma sabon abu ne.

Sau tara muka ɗauka, wuta ta ɗauke sau huɗu.

Faifan ya fito, ko da yake babu faifan da za ka riƙe,
a waya yake, jikata Adama ce ta nuna min.
Ta saurara har ƙarshe don kunyata,
ta ce, "Kaka, to a ina ake rawar?"

A minti na sha ɗaya akwai kuskure.
Ganga ta makara da bugu guda, kowa zai ji.
Yaron ya ce gyaran ba zai ɗauke shi daƙiƙa biyar ba,
na ce ya bar min kayana.
Nan ne Yila kan ɗago kai ya yi min ido in shigo.
Na ɗaga nawa kan, ina jira.